Akwatin Ƙarfe na Ajiye Bindigar Farauta: Abin da Na Gani Bayan Damina Biyu

Damina biyu ke nan da na sa wani mai walda a Birnin Kebbi ya ƙera mini akwatin ƙarfe na ajiye bindigar farauta, na ɗauko shi zuwa gidana a Argungu. Tun daga lokacin abokan harbi suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wasunsu da niyyar su yi irinsa, wasu kuwa don su sami abin yi mini dariya, domin a ganinsu maharbin da ya sa wa bindigarsa kwaɗo ya gama tsufa. Da gangan na jinkirta amsawa, saboda kayan ƙarfe ba a yanke masa hukunci sai ya ga rani ya ga damina.

Ni malamin firamare ne mai ritaya, harbi kuwa gadonsa na yi daga mahaifina. Bindigata adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, kuma abin da nake nema da ita bai wuce zabin daji da zomo da agwagwar ruwa a fadama ba. Fiye da shekara 30 mazauninta ƙusoshi biyu ne a saman ƙofar turakata, kamar yadda na ga mahaifina yana rataye tasa, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba sai wata rana bayan la'asar. Na dawo daga masallaci na tarar da ƙofar ɗaki a buɗe. Jikana na wajen babban ɗana, wanda a lokacin shekararsa 5, ya mirgino ƙaramin turmin dakan yaji daga tsakar gida ya kife shi a bakin ƙofa, ya ɗora kujerar tsuguno a kai, ya hau ya ɗaga dugadugansa, hannunsa ɗaya a kan bakin bindiga yana jawo ta wajen fuskarsa. Bindigar kuwa a ɗure take tun daren jiya, domin na dawo daga fadama ban sami abin harbi ba, sai na cire mata 'yar hular nan ta tayar da wuta da kunamar bindiga ke bugawa na rataye ta. Duk maharbin kirki ya san cire hula ba ya mayar da ɗurarriyar bindiga fanko, saboda ɓurɓushin maganin hular yakan maƙale a wurin, kuma shi kaɗai yana iya tayar da wuta idan kunama ta faɗa a kansa. Ban yi tsawa ba, don kada ya firgita ya fizgo ta. Na ce masa, "Abokina, tsaya yadda kake, bari in kama maka." Da na sauke shi na tambaye shi abin da yake nema, sai ya ce, "Kaka, ina son in ga inda wuta ka hitowa."

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne, wannan yaron an sha gaya masa cewa ba a taɓa bindigar Kaka, kuma da za a tambaye shi da safiyar ranar da ya ba da amsa daidai ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A nan na gane cewa faɗa da gargaɗi suna da iyakarsu a kan ɗan shekara 5, kuma inda suka tsaya dole ƙarfe ya ɗora. Doka ma a kaina ta ɗora nauyin. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta sa bindigogin da ake ɗurawa ta baki a wani rukuni na daban wanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ikon ba da lasisinsa, ta ce mai lasisi shi ke da alhakin tsare bindigarsa, ta kuma ba shi kwana 14 ya kai rahoto idan ta ɓace ko aka sace ta. Ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba. A watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin maƙwabtanmu na Zamfara ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, hukumomin tsaro na tarayya kuma suka ƙi amincewa, an yi ta muhawara a rediyo a kan wanda ya cancanci riƙe bindiga, amma ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda bindigar za ta kwana a gidan da yara suka fi goma.

Mai waldar da na je wurinsa matashi ne, gidajen janareta da ƙofofin shago ne aikinsa na yau da kullum, kuma ya burge ni tun kafin ya kunna wuta. Da na bayyana masa abin da nake so, sai ya nemi ganin takardar lasisina, ya kuma ce kada in kawo masa bindigar shago. "Baba, ka yanko kara daidai tsawonta ka kawo mini, shi ya ishe ni awo," in ji shi. Haka na shiga mota daga Argungu riƙe da karan dawa kamar mai zuwa kiwo. Mun yi ciniki a kan abin da zai sayi tunkiya matsakaiciya, na ba da rabi, ya yi alkawarin kwana 10, ya gama a mako uku. Wannan jinkiri ban ɗauke shi laifi ba, domin duk wanda ya san yadda wutar lantarki take a wajenmu ya san alkawarin mai walda da sharaɗi yake tafiya.

Akwatin tsaye yake kamar siririn kabad, tsawonsa ƙafa 5 da rabi, faɗinsa bai fi kamu biyu ba, an yi shi da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, kuma sai da ƙarti biyu suka ɗaga shi. Abubuwa uku a jikinsa sun nuna cewa maƙerin ya yi tunani. Ya ɓoye maratayan ƙofar daga ciki, ta yadda ba za a iya buge su da guduma daga waje a cire ƙofar ba. Ya yi wa wurin sa kwaɗo wata 'yar rumfa ta ƙarfe wadda hannu da mabuɗi ke iya shiga daga ƙasa amma zarto ba ya samun wurin kamawa. Ya kuma lanƙwasa bakin ƙofar ya shige cikin jikin akwatin, babu tazarar da za a cusa ƙarfe a ɓanɓare. Daga ciki ya liƙa robar tsohuwar taya a inda hancin bindiga ke jingina, ya shimfiɗa katako a ƙasa don gindinta. Ɗinkin waldar a miƙe yake, babu ƙuraje, babu kaifin da zai yanki hannu. Ta fuskar ƙarfi da tsabtar aiki ban sami abin kushewa ba, kuma har yau ƙofar ba ta saki ba.

Matsaloli sun fara ne daga abubuwan da ke kewaye da ƙarfen. Ta farko ita ce kafa shi. Dogon akwati siriri mai nauyin ƙofa yana rinjaya gaba da zarar an buɗe shi, kuma a kwanaki biyun da ya yi a tsaye kafin a kafe shi ya fi bindigar da ke kan ƙusa haɗari ga yaro, domin duk wanda ya rataya a jikin ƙofar zai jawo shi kansa. Maƙerin ya huda ramuka huɗu a bayansa amma bai zo ya kafa ba, bai kuma gargaɗe ni ba, sai da na nemi birkila ya dasa ƙusoshi masu noti a bangon bulo aka ɗaure daga ciki. Wanda ɗakinsa ginin ƙasa ne ya sani cewa bangonsa ba zai riƙe ba, sai dai a zuba kankare a ƙasa a dasa ƙafafun akwatin a ciki.

Ta biyu kuwa kwaɗon da ya ba ni kyauta ne. Mako guda da kawo akwatin uwargida ta zo da mabuɗin kwaɗon ɗakin ajiyar hatsi, wanda kamfaninsu ɗaya da nawa, ta ce, "Malam, gwada wannan mu gani." Na sa, na murɗa, ya buɗe kamar da ma nasa ne. Wannan mabuɗin kuwa a kan taga yake kwana, kuma kowane yaro a gidan an taɓa aiken sa da shi ya ɗebo gero. Washegari na sayi babban kwaɗo mai nauyi wanda kuɗinsa ya kusa kashi ɗaya cikin goma na kuɗin akwatin, kuma ina ganin wannan shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a cikin duk abin da na kashe. Na ƙi irin mai lambobi, saboda shekarun da na yi a aji sun koya mini cewa idon yaro ya fi na babba saurin ɗauke motsin yatsu. Mabuɗi ɗaya yana rataye a wuyana a ƙarƙashin 'yar ciki, ɗayan yana ƙulle a haɓar zanin uwargida. Ba mu ɓoye shi a ƙarƙashin katifa ko saman kabad ba, domin babu maɓoya a cikin gida da yara ba su riga mu saninta ba.

Ta uku damina ce ta tono ta. Argungu garin bakin gulbi ne, kuma a watan Agusta iska kanta a jiƙe take. Akwatin ba shi da mashigar iska ko ɗaya, sai ya riƙa yin gumi daga ciki, kuma da na yi mako uku ban buɗe ba na tarar da tsatsa ta yi ja a hancin bindigar, fumfuna kuma ta hau katakon gindinta. Wani ɓangare na laifin nawa ne, domin dattin da albarushi ke bari a cikin hanci yana jan laima, kuma ban wanke ta da ruwan zafi na busar da ita sosai kafin in ajiye ba. Amma a kan ƙusa, inda iska ke kaɗawa, ba ta taɓa yin haka ba. Na sa aka huda ƙananan ramuka a sama da ƙasa ta gefen da ke kallon bango, na rataya gawayi a ƙullin tsumma daga ciki, na kuma riƙa shafa mata man keken ɗinki duk Juma'a. A damina ta biyu ban ga tsatsa ba.

Aibin da ya fi girma shi ne wanda maƙerin ya ɗauka gwaninta ce. Ya yi wani ɗan aljihu na ƙarfe a saman akwatin daga ciki, mai murfi da sakata, ya ce na albarushi da hula ne. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma kuskure ne ta fuska biyu. Albarushi idan ya kama wuta a fili walƙiya yake yi ya ƙone, idan kuwa aka matse shi a cikin rufaffen ƙarfe fashewa yake yi, ƙarfen ya tarwatse ya zama harsashi. Sakatar ƙarfe da ke gogar ƙarfe kuma tana iya ba da tartsatsi. Saboda haka ne a Ingila ƙa'idar ajiye irin wannan albarushi ta ce a sa shi a akwatin katako. Fuska ta biyu ita ce, bindiga da abin ɗura ta bai kamata su kwana a bayan kwaɗo ɗaya ba, domin duk wanda ya sami mabuɗi ɗaya ya sami komai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka abin da take nanatawa ke nan: a ajiye bindiga babu komai a cikinta, a kulle ta, a kuma kulle harsashi a wani wuri dabam. Suna da dalilin nanatawa, domin daga 2020 bindiga ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasarsu, ta wuce haɗarin mota, ko da yake mafi yawan wannan kisa ne da kashe kai, kaɗan ne na kuskure. Ni dai kafinta na sa ya yi mini ƙaramin akwatin katako mai kwaɗonsa, na kai shi wani ɗaki nesa da madafa.

Akwatin ya kuma tilasta mini canza wata ɗabi'a da na gada. Ba na ƙara shigowa gida da ɗurarriyar bindiga. Idan ban sami abin harbi ba, nakan sauke ta a gindin wani tudu a fadama kafin in kamo hanya, ko da kuwa asarar albarushi ce. Na kuma yi wa ƙarfen ɗuri alama a daidai inda yake tsayawa idan hanci fanko ne, don haka kafin in jingina ta a akwati sai na zura shi na ga alamar ta zo daidai da baki.

Wani maƙwabcina, wanda ɗan sa-kai ne a unguwarsu, ya ce mini a wannan zamani na rashin tsaro bindigar da ke bayan kwaɗo ba ta da maraba da taɓarya. Ba na raina maganarsa, domin mutanen kudancin jihar nan da na Zamfara sun ga abin da ni ban gani ba. Amma na gwada, buɗe akwatin a cikin duhu bai kai minti ɗaya ba, kuma adaka mai harbi ɗaya ba ita za ta tare masu manyan bindigogi ba ko da a ƙarƙashin matashin kaina ta kwana. Ɓarawo wataƙila ya zo sau ɗaya a shekaru, wataƙila ma kada ya zo, jikokina kuwa kullum suna cikin gidan.

Abin da ban zata ba shi ne yadda akwatin ya sauƙaƙa mini koyar da yaran. Da bindigar tana kan ƙusa, tsoro ne ya sa nake korar su daga kusa da ita, korar kuma ita ke ƙara musu kwaɗayi. Yaranmu suna ganin 'yan bindigar sarki a hawan salla suna harba albarushi zalla sama, hayaƙi ya tashi, jama'a su yi shewa, sai su ɗauka bindiga ƙara ce da hayaƙi kawai. Abin takaici ne ma yadda wannan suna na 'yan bindiga, wanda a ƙuruciyarmu na ma'aikatan fada ne, ya koma sunan wasu mutane dabam. Yanzu da yake mabuɗi yana wuyana, ni ke zaɓar lokacin da za su gan ta. Duk wanda ya nemi gani nakan buɗe, in zura ƙarfen ɗuri a gabansa ya ga alama, in juya bakinta bango, sannan in amsa duk tambayar da ya yi. Mai neman inda wuta ke fitowa ya gani, kuma bayan sau uku ya daina tambaya.

Ƙanana abu uku kawai na koya musu: kada su taɓa, su bar wurin, su gaya wa babba, ko a gidanmu ko a gidan wani ko a gona. Wannan ya yi kusa da abin da ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, take koya wa yara a wani shiri da ta fara a 1988. Waɗanda suka kai 10 zuwa 12 kuwa suna zama su ga yadda nake wanke ta, kuma su na karanta wa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Da wannan hadisi na kafa dokar bindigar roba ta salla, wadda ƙananan duwatsunta na roba ke iya lalata ido: ana iya harbin gwangwani, ba a nuna mutum ko da wasa. Sau ɗaya na kai su fadama, na cika tsohon tulu da ruwa na ajiye a gindin tudu, na tsayar da su a bayana sun toshe kunnuwa, na harba. Tulun ya watse, ruwa ya bi ƙasa, suka yi tsit. Jikanyata, wadda nake tsokana da amarya, ta je ta tsinci kasko biyu tana ƙoƙarin haɗa su, ta daɗe tana juya su kafin ta yar. Babu wanda na ba bindiga ɗurarriya ya riƙe, kuma ba zan ba kowa ba sai ya kai shekarun da doka ta yanka.

Duk da haka na so in san ko karatun ya zauna. Akwai tsohuwar bindigar mahaifina wadda hancinta ya toshe aka cire mata kunama tun da daɗewa. Na shimfiɗe ta a kan tabarma a zaure, na koma ɗaki ina leƙe ta taga. Yara huɗu suka shigo. Ɗaya ta juya da gudu tana kiran kakarta, biyu suka tsaya suna kallo hannuwa a baya, na huɗun kuwa, wanda ya fi kowa iya jero dokokin nan uku da ka, ya duba hagu da dama, ya ɗauke ta ya auna akuyar da ke ɗaure a ƙofar gida. Masu bincike a Amurka sun ga irin wannan a 'yan shekara 4 da 5: suna faɗin dokokin daidai idan an tambaye su, amma da suka ci karo da bindigar da aka ajiye musu ba su san ana kallon su ba, ba su aikata abin da suka faɗa ba, sai da aka riƙa maimaita musu gwajin a aikace a wurin da abin ya faru. Ni ma haka na yi, na fito ban doke shi ba, muka sake yin abin daga farko har sau biyar, kuma ina maimaita gwajin lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba. Yaro ɗaya cikin huɗu ya ishe ni hujjar cewa kuɗin akwatin bai tafi a banza ba.

Hukuncina a kan aikin shi ne, ƙarfen da waldar sun cancanci kuɗinsu, kwaɗon kyauta na zubarwa ne, aljihun albarushi kuwa bai kamata a yi shi ba. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya faɗa tun wurin ciniki cewa yana son ramukan iska, ya sa kafawa a bango a cikin kuɗin, ya kuma sayi kwaɗonsa da kansa kafin a auna rumfar da za ta rufe shi, domin nawa sabon da ƙyar ya shiga. Na koma wurin maƙerin bayan damina ta farko na zayyana masa duk wannan. Ya karɓi maganar iska da ta kafawa nan take, ya ce kwaɗon da ma na gwaji ne, amma a kan aljihun ya yi gardama, yana cewa ai ƙarfe ya fi katako tsare wuta. Mun rabu bai gamsu ba, ni ma ban sa ya cire shi ba. A ciki nake ajiye takardar lasisi da kwalbar mai da tsumman goge hanci.